Sunan 'Yar Fari a Bakin Rijiya

A bayan garin Tudun Kanya akwai wata rijiya da ta ƙafe tun zamanin kakanni, a ƙarƙashinta kuwa aljanu suke cin kasuwarsu. Ba gero ake kaiwa can ba, ba kanwa ba. Surar 'yan Adam ake ciniki: hanci, wuya, launin fata, tsawo, har da yadda bakin mutum yake motsi in zai yi dariya. Ƙofar kasuwar ba ta buɗe wa ɗan Adam sai rana ta take tsaka, lokacin da haskenta ya sauka har gindin rijiyar. Da inuwa ta rufe gindin, ƙofa ta rufe sai kuma gobe.

A garin nan akwai wata budurwa mai kitso, sunanta Barira. Baƙa ce wuluk, gajera, kakkaura, hancinta a baje, ga damatsa irin na mai daka. Hannunta kuwa ba a magana. In ta kama kai ta yi masa shuku ko kalaba, sai kitson ya tsufa bai saki ba. Kullum tabarmarta cike take da mata, su zauna a gabanta su ba ta ƙeya, su yi ta hira kamar wadda take bayansu ba ta da kunne. Wance ta yi fari, wance wuyanta kamar ita ta yi wa kanta, wance kuwa ta yi ƙiba har ba ta kallo. In an gama a duba madubi, sai a juyo a ce, "Ke dai Barira, Allah ya ba ki hannu." Ita kuwa ta san abin da aka bari ba a faɗa ba.

Barira 'yar fari ce. Mahaifiyarta Tasalla mace ce mai tsananin kunya irin ta mutanen da, saboda haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa kallonta ido cikin ido a gaban mutane ba, balle ta yabe ta. "Ke" ce, ko "'yar nan". Ƙanwarta Suwaiba kuwa, wadda ta zo fara siririya, ita ake yi wa kirari a tsakar gida. Kakarta ta wajen uba, wadda ta raine ta, kullum wasan jika take yi da ita: "Zo nan mummuna, wa zai kwashe ki in ba ni ba?" Kowa ya san wasa ne, ita ma Barira ta sani, amma tsohuwar ta rasu ba ta taɓa cewa wasa take yi ba. Ni dai a nan nake ganin aka cuci yarinyar nan ba da gangan ba. Mata biyu suka fi kowa sonta, ɗaya ta yi shiru don kunya, ɗaya ta zage ta don wasa, babu wadda ta tuna ta gaya mata gaskiya.

Wata rana da hantsi, tabarma babu kowa, sai ga wata baƙuwar dattijuwa da ƙunshi a hamata irin na dillalai. Ta yi sallama ta zauna ta kwance ɗankwali. Da Barira ta taɓa kanta sai ta ji sanyi kamar gindin randa. Ta fara kitso, tana kama gashi yana ƙaruwa a hannunta.

Baƙuwar ta ce, "An ce duk ƙasar nan babu mai hannunki."

Barira ta ce, "Haka dai suke faɗa, Gwaggo."

"Hannu kaɗai suke yabo?"

Barira ta ci gaba da tsaga.

"Mai gyara kan kowa, ita ba mai gyara ta," in ji baƙuwar. Ta kwance ƙunshinta ta fito da wani ɗan tandun kwalli ta ajiye a kan tabarma. "Ga ladan kitsonki. Ki je bakin busasshiyar rijiya da tsakar rana, ki zizara wannan a idonki, ki sauko. A wurinmu mace takan tuɓe surar da ta gaji da ita, ta sa wadda ranta yake so."

Barira ta sunkuya ta ɗauki tandu. Da ta ɗago, babu kowa a gabanta sai tabarma.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Rana na take tsaka tana bakin rijiya. Ta zizara kwalli, sai ta ga matakala ta fito daga bangon rijiyar tana nannaɗewa zuwa ƙasa. Ta yi ta sauka har hasken duniya ya koma kamar ƙwayar gero a samanta, sannan ƙafarta ta taka yashi. Ta tsinci kanta a wata ƙasa mai jan sararin sama, babu rana babu gajimare, ga wani kogi a gabanta wanda ruwansa ba ya motsi, yana nuna fuskar duk wanda ya leƙa.

A bakin kogin wani dogon aljani yana tsaye, ido ɗaya gare shi a tsakar goshi. Jirginsa rabin ƙwarya ce ƙatuwa, babu filafili babu sanda.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, jirgina ba ya tafiya da ƙarfin hannu. Wanda ya hau shi yakan faɗi abin da ya ƙi a jikinsa, kowane aibu ya tura mu gaba. In bakinki ya ƙafe a tsakiyar ruwa, mu nutse tare."

Barira ta hau. Wannan kam ba sai ta yi tunani ba. Ta ce fatata, jirgi ya zabura. Ta ce hancina, gajartata, kaurin wuyana, faɗin ƙafata, damatsana. Jirgi ya yi ta keta ruwa har iska na kaɗa mata zane, kafin ta ƙare lissafi sun kai gaci.

Mai jirgi ya dube ta da idonsa guda ya ce, "Na daɗe ina fito a kogin nan, ban taɓa ɗaukar mai saurinki ba." Bai faɗa da murna ba.

Daga nan ta shiga Dajin Harsuna. Itatuwan wurin ba su da ganye, harsuna ne suke reto a rassansu, kowane yana maimaita wata magana da aka taɓa yi kan jikin wata mace a gidan biki ko gidan suna. Duk wadda ta tsaya ta mayar da martani, nan take ta zama kututture, ga su nan birjik a gefen hanya. Barira ta toshe bakinta da gefen mayafi ta yi ta tafiya. Ta ji muryoyin da ta sani, na matan da ta yi wa kitso, na 'yan matan layinsu, har da ta kakarta tana cewa mummuna. Ta kasa kunne ko za ta ji ta mahaifiyarta, ba ta ji ba har ta fita daga dajin. Maimakon ta gane abin da wannan yake nufi, sai ta ce a ranta, ita Iya ko zagina ma ba ta iya yi, don ba ta kallona.

Bayan daji ta faɗa wani fili cike da mata a durƙushe suna niƙa kwalli a kan duwatsu. Da ta matso sai ta ga ba su da fuska, babu ido babu hanci babu baki, sumul kamar bayan ƙwarya. Ɗaya daga cikinsu ta laluba ta kama gefen zanenta, tana girgiza kai.

Wani aljani mai gadinsu ya ce, "Ya ke mai wucewa, waɗannan su ne suka zo musanya, suka koma, suka sake zuwa, suka sake, har babu surar da take zama a jikinsu."

Barira ta fizge zanenta ta ce, "Ni sau ɗaya zan yi."

Ya ce, "Kowacce haka ta faɗa."

Sai ga kasuwa. Rumfuna ne iya ganin ido, an rataye surorin mata a jikin turaka kamar riguna a wurin tela. Aljanu suna yawo a tsakani, su ba su da sura tasu, kamar hayaƙi suke, suna taɓa wannan suna juya waccan. A tsakiyar kasuwa a kan karagar tagulla, ga baƙuwar nan mai kai da sanyi, da kitson da Barira ta fara mata ba ta gama ba. Ashe ita ce Magajiyar Kasuwa.

Ta ce, "Maraba da mai hannu. Faɗi abin da ya kawo ki, kasuwa ta shaida."

Barira ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, na zo in tuɓe wannan jiki. Ina so in zama fara, doguwa, mai dogon hanci da siraran yatsu. Ina so in shiga taro a juyo a dube ni."

"Da yardarki kika bayar, ko an tilasta ki?"

"Da yardata."

"Ki sani murya tana cikin sura, in aka ɗauki ɗaya an ɗauki ɗayar."

"A ɗauka. Ba ta taɓa yi mini amfani ba."

Magajiya ta miƙa hannu ta kama ta a ƙeya, ta zare surarta kamar yadda ake zare riga. Aka kawo wata sabuwa da ɗuminta, an zubo ta yanzu daga wani abu mai kama da tandar waina, aka zura mata. Da aka ɗaga tsohuwar surar za a rataye, sai kasuwa ta kaure da ihu, aljanu suka yi ca a kanta. Barira ta zaci dariya suke yi mata, ta juya da sauri ta kama hanya.

Da ta fito daga rijiya ta shiga gari, abin da ta roƙa ya samu. Mai tallan goro ya saki faifai, samari suka daina hira, mata suka bi ta suna tambayar me take shafawa. Daɗi ya cika ta har tana jin kamar ba ta taka ƙasa. Daɗin nan ya raka ta har ƙofar gidansu, daga nan ya tsaya.

Ashe ɗan zaman da ta yi a ƙasa, a duniya an yi makonni ana cigiyarta. Ta tarar da Tasalla zaune a kan tabarmar kitso, ta rame ta yi zuru-zuru, da tsinken tsagar Barira a hannunta tana jujjuyawa.

Barira ta yi sallama da sabuwar muryarta ta ce, "Iya, ni ce na dawo."

Tasalla ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, ke wa?"

"Ni ce Barira, Iya."

"Ki ji tsoron Allah. Ba a wasa da wanda yake cikin ciwo."

Barira ta shiga faɗa mata abubuwan gida, inda ake ɓoye daddawa, tabon da yake gwiwar Suwaiba, ranar da akuya ta fasa randa. Tasalla ta ce wannan ko maƙwabta sun sani. Barira ta jawo Suwaiba ta zaunar, ta ce bari ta yi mata kitso a gani. Ta kama gashi, siraran yatsun nan masu laushi suka yi ta zamewa, ko jere ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Suwaiba ta tashi tana hararar ta.

Duk da haka Tasalla ba mai korar baƙo ba ce. Ta kawo mata ruwa, ta ce ta huta kafin ta wuce. Da zama ya yi zama, ganin ba 'yar gari ba ce, sai bakinta ya ɗan buɗe.

Ta ce, "Ba ki san ta ba ne, shi ya sa kike cewa ke ce. Ke kyakkyawa ce, ban hana ki ba, amma irinki na sha gani. Yarinyar nan da ta ɓace mana, baƙa ce mai sheƙi, in ta yi wanka ta shafa man kaɗe sai ki rantse a jikinta rana take fitowa. In ta sunkuya tana kitso nakan laɓe a bayan zana in yi ta kallonta. Fuskar mahaifiyata ce sak, wadda ta rasu ina ƙarama. Duk ranar da na yi kewar uwata, ita nake leƙe."

Barira ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "To me ya hana ki gaya mata?"

Tasalla ta kama baki ta ce, "Haba baiwar Allah, ta fari ce fa. A ji ni?"

Washegari rana na take tsaka Barira ta koma rijiya. Kwallin da ya rage a tandu kaɗan ne, ta kankare shi tas ta zizara, ta sauka.

Mai jirgi ya gane ta duk da sabuwar sura. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, mai zuwa karɓa ba ta hawa da kuɗin fiton mai zuwa bayarwa. Yau jirgina zai tafi ne da abin da kike so a jikin da kika bari."

Ta hau ta ce hannuwana. Jirgi ya ɗan matsa. Ta yi shiru tana lalube, jirgi ya tsaya, ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin ƙwarya. Ta ce ƙafafuna, ba su taɓa gajiya da ni ba. Ya matsa. Ruwa ya kai mata idon sawu, ya kai ƙwauri. Ta ce fatata, rana ba ta ƙona ta. Ta ce haƙorana, ta ce dariyata, in na yi ta har bayan gida ana ji. Kowace kalma sai ta yi kamar mai ciro ƙaya kafin ta fito. Ruwa ya kai mata gwiwa, gaci yana can. Ta fashe da kuka ta ce, fuskata, ta uwar uwata ce. Da wannan ƙwarya ta ja ciki ta dafa yashi.

A Dajin Harsuna magana ta sake. Yanzu sabuwar surar ake sara. "Ta cika fari kamar mai jinya." "Ji ƙashin wuya, ko ba a ba ta abinci?" "Ai yanzu masu jiki ake yayi." Muryoyin jiya ne, ba a ƙara ko ɗaya ba. Ta wuce filin marasa fuska ba ta iya duban su ba.

Da ta shiga kasuwa sai ta ga abin da ba ta lura da shi ba a zuwan farko. Rumfa guda cike take da surori irin wadda take sanye da ita, iri ɗaya sak, an tsibe su babu mai tayawa. Tata ta da kuwa an rataye ta can sama da karagar Magajiya, an kewaye ta da dakaru, manyan aljanu suna ta rantse-rantse a kanta.

Ta zube ta ce, "Ranki ya daɗe, na zo a mayar mini da abina."

Magajiya ta ce, "Da yardarki kika bayar, kasuwa ta shaida."

"Ban san abin da na bayar ba."

"Mu mun sani. Irin wadda muka ba ki tanda ɗaya ce, kullum muna zubawa. Irin taki kuwa guda aka yi, ba a yi kafinta ba, ba za a sake ba. Mu ba mu da sura, sai wadda muka samu a wurinku. Shi ya sa muke aika raɗa gidajen biki, bana mu ce fara, baɗi mu ce mai jiki, har ku raina abinku ku kawo mana da ƙafarku. Taki ta riga ta sami mai saye. Gobe in inuwa ta rufe gindin rijiya, 'yar Sarkin ƙarƙashin ƙasa za ta sa ta."

Barira ta ce, "Babu wata hanya, ranki ya daɗe?"

Magajiya ta ce, "Doka ɗaya ce ta fi ƙarfina, kuma ba ni da ikon ɓoye ta ga wanda ya tambaya. Sura ta wadda ta haife ta ce. In uwa ta tsaya a bakin rijiya rana na tsaka, ta kira sunan 'yarta na yanka da ƙarfi har mu ji, sura ta koma wa mai ita, muddin wata ba ta riga ta sa ta ba." Ta sunkuyo tana murmushi. "Af, ban tambaye ki ba. Ke ta nawa ce a ɗakinku?"

Barira ta ce, "Ta fari."

Kasuwa gaba ɗaya ta tuntsire da dariya.

A wannan karon kwanakin duniya ba su tsere mata ba, a ranar ta dawo gida, kuma ba ta sake cewa ni ce ba. Ta durƙusa a gaban Tasalla ta ce, "Iya, na san inda 'yarki take. Aljanun busasshiyar rijiya ne suke riƙe da ita, kuma ke kaɗai za ki iya fito da ita."

Tasalla ta miƙe tsaye tana gyara ɗaurin zane ta ce, "Mu je. Ko wuta ce zan shiga."

"Ba wuta ba ce. Gobe da tsakar rana za ki tsaya a bakin rijiya ki kira sunanta na yanka, da ƙarfi."

Tasalla ta koma ta zauna a hankali. Can ta ce, "Allah ya kai mu."

Da a ce su biyu suka je, wataƙila da labarin nan ya sake. Amma Suwaiba ta ji, ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta gaya wa gari. Kafin rana ta ɗaga bakin rijiya ya cika maƙil. Har Baffa Tanimu, wan marigayi mijin Tasalla, an riƙo shi ya zo da sauran dattawan gidansu, aka shimfiɗa musu buzu gaba-gaba. Surukanta ke nan, mutanen da ko abinci ba ta taɓa ci a gabansu ba.

Haske ya sauka gindin rijiya. Tasalla ta dafa bakin rijiyar ta leƙa, ta buɗe baki ta ce, "Ke!"

Shiru.

Ta ce, "'Yar nan, ki fito!"

Sai muryar Magajiya ta taso daga ƙasa: "Ya ke mahaifiya, 'yar nan suna da yawa a wurinmu. Wacce kike nema?"

"Mai kitso! Yayar Suwaiba!"

"Suna muke jira."

Suwaiba ta ƙwalla ihu ta kira sunan. Muryar ta ce, "Ba ke kika haife ta ba."

Barira ta kama ƙafar uwarta tana kuka ta ce, "Iya, Barira za ki ce. Don Allah Iya, Barira."

Baffa Tanimu ya gyara murya ya ce, "Tasalla, faɗi mana. Mun yafe miki, ba mai ganin laifinki."

Da nufin taimako ya faɗa, amma jin muryarsa sai ya tuna mata a gaban wa take tsaye. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta raɗa wa Suwaiba ta roƙi mutane su ja baya. Aka shiga turereniya, tsofaffi suna neman sandunansu, na baya suna ƙin matsawa don kada a yi babu su. Inuwa ta fito daga gefen bango ta fara cin gindin rijiya.

Leɓɓan Tasalla suna motsi a ƙarƙashin mayafi, sauti ba ya fita. Kada wani ya ce ba ta son 'yarta. Shirun nan shi ne kaɗai hanyar so da aka koya mata, ta riƙe shi tun ranar suna, yanzu kuma aka ce ta yar da shi a gaban gari cikin ƙiftawar ido. Haske ya rage kamar faifai, ya rage kamar tafin hannu, ya ɗauke.

Sannan ta yaye mayafi ta jefar, ta ƙwala da iyakar ƙarfinta har muryarta ta tsage: "Barira!"

Daga cikin rijiya aka amsa, da muryar da kowa ya sani: "Na'am."

Sai ga ta tana hawowa, baƙa mai sheƙi, gajera, kakkaura, sanye da kayan sarauta. Tasalla ta ruga ta kama fuskar da hannu biyu, a gaban surukai, a gaban kowa. Abin da ta danne tun haihuwa ya ɓalle. Ta ce, "Barira, 'yata, kyakkyawata. Ji hancin uwata, ji idon uwata. Wallahi duk garin nan babu kamarki, ban taɓa ganin kamarki ba." Ita kuwa Barira ta gaskiya tana durƙushe a gefe cikin farar fatarta, tana jin maganar da ta yi ta jira tun tana goye, ana faɗa wa wata.

Mai sanye da surar, 'yar Sarkin ƙarƙashin ƙasa, ta bari sai da Tasalla ta gama. Sannan ta cire hannayenta daga fuskarta a hankali ta ce, "Ya ke tsohuwa, na gode da yabo. Ni ma abin da na gani ke nan na saye ta." Ta juya ta koma cikin rijiya.

Barira ta zauna a gidan. Tandu ya ƙare, matakala ba ta sake bayyana ba. Suwaiba dai daga baya ta yarda yayarta ce, har takan ba ta kanta ta koyi kitso da sababbin yatsu, ana yi yana warwarewa. Mutanen gari suka sa mata suna Fara. Samari suka yi ta zarya na ɗan lokaci, kafin damina ta zagayo yayi ya sake, matan da suka bi ta suna tambayar abin shafawa suka koma cewa ta cika rama.

Tasalla kuwa ba a iya shawo kanta ba. Ta ce ita da idonta ta ga 'yarta ta koma rijiya, aljanu ne suka juya mata hankali. Kullum rana ta take tsaka sai ta tafi bakin rijiyar ta yi ta kiran sunan, yanzu babu kunya babu rufe fuska, har a kasuwar gari ana jiyo ta. Barira takan bi ta da ƙwaryar ruwa ta tsaya a bayanta. In uwar ta kira, ita kuma ta amsa ƙasa-ƙasa, don ba ta iya hana bakinta.

Wata rana Tasalla ta ji. Ta juyo ta daɗe tana kallonta. Tsohuwar ta karɓi ƙwarya ta sha, ta mayar mata, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Allah ya yi miki albarka, baƙuwa, kin kyauta mini. Amma don Allah ki daina amsawa, kada ta ji ta zaci na sami wata."